Motar Gas a Lungun Gareji: Daga Ina Jinkirin Kayan Gyara Yake, Kuma Yaya Ake Jiransa?

Duk garejin da ake gyaran motocin gas, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, za ka tarar da wani lungu da ba a aiki a cikinsa. Can ake tura motocin da aka riga aka gano cutarsu, aka kwance abin kwancewa, sannan aka tsaya jiran kaya. Ba sa ɓuya. Ƙura ta rufe gilashi har yara sun yi rubutu da yatsa, taya ɗaya ko biyu ta sace, an tokare ƙafa da dutse, murfin inji a ɗage kaɗan, an cusa tsumma a bakin bututun da aka cire. Ka tambayi mai garejin, amsar ba ta canzawa: "Ai Alhaji ya yi oda, kaya suna hanya." Wata motar tun kafin azumi kayanta suke hanya, ga shi har an yi babbar salla.

Wannan jira ya fi ciwo a motar gas, domin a wajenmu ba kasafai ake sayenta don ƙawa ba. Hilux ce ta ɗan kwangila, Hiace ce ta haya, Kanta ce mai kai buhunan masara daga ƙauye zuwa Dawanau, ko motar ɗaukar marasa lafiya ta wani asibitin karkara. Ranar da ta kwanta, balas ya tsaya, direba da yaron mota sun koma zaman benci a tasha, mai kaya ya nemi wata motar, kuma ba lallai ya dawo ba. Idan kuwa da bashi aka saye ta, wa'adin biya ba ya jiran injekta. Saboda haka tambayar ba ta masu sha'awar injuna kaɗai ba ce, ta shafi tukunyar gidaje da yawa.

Dattawan direbobi suna yawan cewa a da ba haka motar gas take ba, kuma gaskiyarsu. Tsohon injin irin 1HZ na Land Cruiser, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, ko 5L na tsohuwar Hiace da Hilux, famfonsa na ƙarfe ne zalla, nozil ɗinsa kuwa bakanike zai kwance ya wanke, ya gwada feshinsa a kan ɗan famfon hannu, ya mayar. Abin ya fara juyawa ne a 1997, lokacin da aka fito da ƙananan motoci na farko masu tsarin da ake tara gas a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, ƙwaƙwalwar mota ce ke ba kowace injekta umarnin lokacin da za ta buɗe da yawan abin da za ta fesa. Alfa Romeo 156 da wata Marsandi ne suka fara, da kayan kamfanin Bosch. A yau matsin da ke cikin wannan bututu yana kaiwa bar 2,000 ko fiye, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. Ratar da ke tsakanin ƙarafan cikin injekta 'yan maikiron ne kawai, ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Irin wannan abu ba a ƙera shi a bakin kasuwa. Kamfanonin da suka iya shi a duniya ba su da yawa: Bosch, Denso, Delphi, sai wasu ƙalilan. Idan layin ɗayansu ya tsaya, babu maƙwabcin da za a ruga wajensa.

Sannan aka ƙara wa injin wasu kaya saboda dokokin hayaƙi na Turai. Daga 2009 kusan kowace sabuwar ƙaramar motar gas a can tana ɗauke da matatar toka a cikin salansa. Daga 2015 da yawansu sun zo da tanki na biyu, na ruwan yuriya da ake kira AdBlue, wanda ake fesawa cikin hayaƙi don kashe gubarsa. Kowane ɗayan waɗannan yana da sensa, kowace sensa tana da ɗan guntun lantarki a cikinta, kuma an tsara motar ta yadda idan sensar ta mutu ko ruwan ya ƙare, za ta rage ƙarfi, ko ta fara ƙidaya kilomita har ranar da za ta ƙi tashi gaba ɗaya. Injin lafiya lau, giya lafiya lau, amma abin da bai kai tsawon yatsa ba ya ajiye mota.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya ci. A 2021, lokacin da ƙarancin guntayen lantarki ya addabi masana'antun duniya bayan annobar korona, manyan motoci da yawa a Amurka sun kwanta saboda an rasa sensar da ke auna ingancin ruwan yuriya, har sai da hukumar kare muhallin ƙasar ta amince a yi wa ƙwaƙwalwar motocin gyara na wucin gadi don su ci gaba da aiki. A ƙarshen shekarar, Sin ta taƙaita fitar da yuriya, sai Koriya ta Kudu ta wayi gari direbobi na layi suna neman ruwan, har gwamnati ta tura jirgin soja Ostareliya ya ɗauko lita 27,000. A watan Nuwamban 2021 ɗin dai, kamfanin da ke ƙera motocin Ram ya nemi a dawo da sama da 220,000 ƙirar 2019 da 2020 saboda famfon gas samfurin CP4, kuma masu motocin da yawa sun shafe watanni kafin kayan canji su iso. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, masana'antun da ke haɗa wayoyin mota a can suka tsaya, Volkswagen da BMW suka rage aiki a Jamus. A Satumban 2023 kuma yajin aikin ma'aikatan motoci a Amurka ya kai ga rumbunan rarraba kayan gyara guda 38 na General Motors da Stellantis. Waɗannan ƙasashe ne da kamfanonin ke zaune a cikinsu. To ina ga wanda ke Gusau?

Tushen abin shi ne kamfanoni sun daɗe da daina tara kaya a rumbu. Tsarin da Toyota ta shahara da shi, na kawo kowane abu daidai lokacin da ake buƙatarsa, ya yaɗu a duniya saboda yana rage kashe kuɗi, amma ba ya barin rara ga ranar tsiya. Idan kaya suka yi ƙaranci, akwai jerin waɗanda ake fara sallama: layin haɗa sabbin motoci shi ne gaba, sai dilolin kamfani masu gyaran motocin da ke ƙarƙashin garanti, sai sauran kasuwannin da kamfanin ya san da zamansu. Motar da aka ƙera don titunan Jamus, ta yi shekara goma sha biyu a can, aka ɗoro ta a jirgi zuwa Kwatano ko Lome, ba ta cikin lissafin kowa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Motocin sun zo, amma ba a turo rumbun kayansu tare da su ba.

Akwai kuma wani abin da nake ganin masu sayen mota ba su lura da shi ba tukuna. Turai tana janye jiki daga ƙaramar motar gas. A 2015, shekarar da aka bankaɗo cewa Volkswagen ta sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, kimanin rabin sabbin motocin da ake saya a Turai na gas ne. Zuwa 2023 rabonsu ya faɗo ƙasa da kashi 14 cikin 100. Volvo ta ƙera ƙaramar motar gas ɗinta ta ƙarshe a Maris 2024. Ma'anar wannan a fili take: tsofaffin motocin gas da Turawa ke rabuwa da su za su ci gaba da kwararowa wajenmu da araha, a daidai lokacin da masu ƙera kayansu ke rage aiki. Kamfani ba ya kunna layi don injekta hamsin, sai oda ta taru. Wanda ya saye irin wannan mota saboda sauƙin kuɗinta, jiran da ke gabansa ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

A kan wannan sai a ɗora namu na gida. A Nijeriya, tallafin man fetur da aka yi ta biya har zuwa Mayun 2023 bai haɗa da gas ba, shi ya sa ƙananan motocinmu kusan duk na fetur ne, kuma ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake ajiyewa. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kayan Corolla da Golf sai ka zaɓa, amma famfon gas na wata Peugeot ko Ford ta Turai sai an buga waya Ladipo a Legas ko Nnewi, su ma wani lokaci sai sun buga Sharja ko Guangzhou. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda jarinsa ke cika kwantena a da, ya koma yin haɗaka da mutum uku ko huɗu, kuma kwantenar haɗaka ba ta tashi sai kowa ya kawo nasa. Daga Sin zuwa Legas jirgin ruwa ba ya kasa wata guda, sannan a zo batun takardu da kwastan da cunkoson Apapa da Tin Can, sannan a hau titin Arewa. An buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna a 2018 da Dala a Kano a 2023 don a rage wannan wahala, amma har yanzu yawancin ƙananan kayan gyara a motar haya ko ta dakon kaya suke isowa, a kwali, da lambar wayar direba a jiki.

'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya fi tsanani tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Hanyar Kwatano zuwa Gaya, wadda yawancin motoci da kayansu ke bi, ta toshe, kuma ko da aka ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024, iyakar Nijar da Benin ba ta koma yadda take ba. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Mai motar gas, wato gazuwal, a Yamai ko Tawa da aka ce masa "kaya suna hanya", hanyar da ake nufi ke nan.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai mota ko bakaniken da ya isa ya canza shi. Amma na daɗe ina kallon yadda abin ke gudana a garejoji, kuma abin da na tabbatar shi ne, ba tsawon jiran ne ke karya mutane ba. Rashin sanin tsawonsa ne. Mutumin da aka gaya wa gaskiya cewa famfonsa sai nan da wata biyu, zai zauna ya yi lissafi: ya yi hayar wata mota, ya nemar wa direbansa aikin wucin gadi, ya je ya roƙi mai bashi ya ɗaga masa ƙafa, ko ma ya sayar da motar a yadda take. Wanda ake ce wa "jibi in sha Allahu" kowane mako, ba zai yi ko ɗaya daga ciki ba, domin kullum yana ganin saura kwana biyu. Haka zai yi ta zubar da kuɗin mota zuwa gareji, yana karɓar aikin da ba zai iya cikawa ba, har wata uku su shige. Mai kayan da ya faɗi "jibi" sau da yawa ba mugu ba ne, tsoro yake kada ciniki ya kuɓuce masa, ko kuma shi ma haka wanda ke samansa ya gaya masa. Sai dai sakamakon ɗaya ne, kuma a wuyan mai mota yake sauka.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne mai mota ya yi tambayoyin da muke jin nauyin yi. Kayan nan yanzu haka suna ina? Suna kan kanta a Legas, ko suna Dubai, ko kuwa kamfanin ma bai ƙera su ba tukuna? Waɗannan jira uku ne daban, na farko kwanaki ne, na biyu makonni, na uku babu wanda ya san ranarsa. Idan an ce suna hannu, a turo hotonsu da lambar da ke jikin kwali. Idan an ce an ɗoro su, a nuna takardar dako. Kuma kafin a ba da kafin alƙalami, a rubuta: wane kaya, wace lamba, sabo ko na hannu, nawa, wace rana, sannan idan ranar ta wuce me za a yi da kuɗin. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne tsakanin mutanen da suka saba. Ni ban ga haka ba. Malaman fiƙihu da suka yi bayanin cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a kawo kaya nan gaba, sun shardanta a fayyace siffar kayan da adadinsu da ajalin kawowa. Ba baƙon abu muke nema ba, abin da muka bari ne. Takarda rabin shafi da shaidu biyu ta fi zaman sulhu a ofishin shugaban 'yan kasuwa bayan zumunci ya riga ya ɓaci.

Kafin ma a kai ga oda, akwai kwanaki biyu ko uku na farko waɗanda su ne ke yanke yawan jiran da za a yi, kuma nan aka fi yin sakaci. Babu baƙin cikin da ya kai mutum ya jira injekta huɗu wata biyu, a ɗaura, mota ta ci gaba da abin da take yi, sannan a gano waya ce ɓera ya ci ko sensa ce ta 'yan dubbai. Na'urar da ake jona wa mota tana nuna inda ƙwaƙwalwa ta ga matsala ne, ba ta cewa ga abin da za a saya. Dole a bi da gwaji: a auna matsin bututu, a auna gas ɗin da kowace injekta ke mayarwa, a kai su kan teburin gwaji. Kuɗin bakanike na biyu da zai sake dubawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kayan da ba a buƙata ba. Haka nan oda da sunan mota kaɗai ganganci ne. "Injektar Hilux" ba ta nufin komai, domin akwai Hilux mai 5L, da mai 2KD, da mai 1KD, da mai 1GD da ta fito daga 2015, kuma ko a inji ɗaya lambar takan bambanta da shekara da ƙasar da aka ƙera wa motar. Lambar shasi da lambar da ke jikin tsohon kayan su ne abin turawa. Sabuwar injekta kuma tana zuwa da lambobinta da ake shigar wa ƙwaƙwalwar mota, in ba a shigar ba sai inji ya yi ta kakkarwa a ce kayan ne jabu.

Akwai wani gwaji da ya kamata kowane mai motar gas ta zamani ya gani da idonsa. Idan ana zargin famfo, bakanike ya kwance matatar gas ya juye abin da ke ciki a farin faranti, a fito da shi rana. In ka ga ƙananan ɓurɓushi suna ƙyalli a ƙasan man, famfon ya fara cin kansa, kuma garin ƙarfen ya riga ya zagaya ko'ina: injektoci, bututu, layin da ke komawa tanki, da tankin kansa. Na taɓa ganin wani tsohon bakanike ya miƙa wa mai mota irin wannan faranti, ya ce, "Alhaji, duba da kanka. In famfo kaɗai ka saya, wallahi sati biyu ba zai yi ba, ka dawo." Mai motar ya ɓata rai, domin lissafin ya ninka. Amma wannan ita ce maganar da ta cece shi daga jira biyu. Wanda ya yi odar famfo kaɗai, zai jira shi, ya ɗaura, datti ya kashe shi, ya sake komawa layi.

Yawancin wannan ɓarna daga man take farawa. A Amurka ƙorafin da aka yi kan CP4 shi ne gas ɗinsu ba shi da isasshen santsi. Namu ciwon daban ne: ruwa, da ƙasa, da gauraye, da gas ɗin da aka dafa a daji aka sayar a jarka. Ga kuma sinadarin sulfa. Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna ana kawo wa Afirka ta Yamma gas mai ninkin wannan sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, kuma matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024, amma abin da ke cikin tankin gidan mai na bakin hanya ba takarda ce ke tace shi ba. Matatar gas ta ƙwarai, da canza ta kafin lokacinta, da tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, da tsayawa a gidan mai ɗaya da aka yarda da shi, su ne mafi arahar maganin jira da na sani.

In an tabbatar sabo zai daɗe, sai a duba sauran ƙofofi, kuma ba duka suke daidai ba. Ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje, ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma a tobo ko kan inji ko ƙwaƙwalwar mota sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sharaɗinsa a gwada kafin a biya, kuma a yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa. Gyaran tsohon kayan ma hanya ce da ake rainawa: akwai masu teburin gwaji a manyan biranenmu da ke canza bakin nozil da bawul su daidaita injekta, akwai masu sake cikin tobo. Aikin mai kyau yana ɗaukar mota shekaru. Wanda nake tsoro shi ne sabon jabu, mai kwali mai sheƙi da tambarin kamfani da rabin kuɗi. Injektar da ke zubar da gas fiye da ƙima tana iya huda fistin, sai a tashi daga neman injekta a koma neman inji sukutum. Gaggawa a nan ba ta rage jira, tsawaita shi take yi.

Sai kuma hanyar da ta zama ruwan dare, wato a fasa matatar toka a zubar da cikinta, a toshe bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi, a shiga ƙwaƙwalwa a kashe tsarin AdBlue. Na fahimci abin da ke kai mutum ga haka, domin motar da aka tsara wa man Turai tana wahala da namu, kuma kayan tsarin suna da tsada da wuyar samu. Amma a faɗi gaskiya dai, hayaƙin da aka saki ba sama yake tafiya ba, huhun ɗan acaɓa da mai tallan ruwa da yaran da ke bakin titi yake shiga. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. A Turai da Amurka wannan aiki laifi ne. Kuma idan wanda ya taɓa manhajar bai ƙware ba, sai mota ta fito da sabbin cututtukan da babu littafin da ya san su. Ban yarda a mayar da shi matakin farko ba.

Motar da ke jira ita ma tana buƙatar kulawa, kuma a nan ne ake asarar da ba a lissafa ta. A cire kan batir, ko a ɗauke shi gaba ɗaya a riƙa cajinsa. Kada a bar birkin hannu a ja tsawon makonni, yakan manne, a tokare ƙafafun kawai. A ƙara wa tayoyi iska ko a ɗaga motar a kan bulo. Duk bututun gas da bakin tobo da aka buɗe a rufe shi da leda mai tsabta a ɗaure, domin ƙurar hunturu da ta shiga layin gas ta isa ta kashe sabon kayan da ake jira. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa a ciki, ruwan kuma ya haifar da wani baƙin yauƙi da ke toshe matata. A sa maganin ɓera. Sannan kayan da aka kwance a tattara su a kwali ɗaya, a ɗauki hotonsu, a rubuta, mai mota ya tafi da abin da zai iya ɗauka. Ba zargin kowa nake ba, amma kowa ya san yadda ake "aron" sensa daga motar da ke kwance don a sallami mai gaggawa, da niyyar mayarwa, har a manta wa aka ara wa. In jiran zai wuce wata guda, ni shawarata a ja motar a kai ta gida.

Kada kuma a manta da direba. Mai mota yana da wasu hanyoyin, shi kuwa motar ce gonarsa. Maigidan da ya kira shi ya gaya masa gaskiyar lokacin, ya sallame shi ya nemi tuƙin wucin gadi, ko ya riƙa ba shi ɗan abin cefane, ya fi wanda ya bar shi yana gadin mota a gareji ba ko sisi. Direban kirki ya fi famfo wuyar samu.

A jihohi da dama na Amurka, sabuwar motar da ke ƙarƙashin garanti idan ta yi kwana 30 a wajen gyara, doka ta buɗe wa mai ita ƙofar neman a canza masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Mu a nan akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC, kuma wanda ya sayi sabuwar mota a hannun dilan kamfani yana da inda zai kai kuka. Amma mafi yawanmu na hannu muke saya, babu garanti, babu dila. Kariyar da ta rage mana ita ce wadda za mu yi wa kanmu tun kafin mu biya kuɗin mota. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen motocin asibiti da na aikin gona su ma wannan ya shafe su, domin motar ɗaukar marasa lafiya da babu kayanta a ƙasar ba taimako ba ce ga kowa.

Don haka, mai karatu, idan ka ga motar gas ta burge ka a wajen dillali, kada ka fara da tambayar kuɗinta. Ɗauki lambar shasi da lambar inji, ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko kasuwar kayan gyaran da ta fi kusa da kai, ka tambayi abu huɗu: injekta, famfon gas, tobo, da ƙwaƙwalwa. Idan an ɗauko maka su daga kanta, ko an ce gobe suna isowa daga Legas kuma an nuna maka hoto, koma ka yi ciniki. Idan mutum uku a jere suka ce maka "sai dai a yi oda", bar motar nan a inda ka gan ta.